Shin Ko Kun San? Naira da Sefa

Shin ko kun san cewa a shekarar 1980 naira ɗaya tak ta fi sefa 350 a farashin hukuma? Wato jika guda ta Nijar, sefa dubu ke nan, ba ta kai naira uku ba. A 2024 kuwa, wannan jikar ta haura naira 2,000 a hannun 'yan canjin Wapa a Kano da na Jibiya da Illela. Dattijon da ya yi fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi a zamanin Shagari ya ga wannan juyi da idonsa.

Sefa ce babba a shekaru. Faransa ta ƙirƙiro ta ranar 26 ga Disamba 1945 domin ƙasashen da take mulka a Afirka. Naira kuwa sai ranar 1 ga Janairu 1973 ta fito, zamanin Janar Yakubu Gowon, ta maye gurbin fam: fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. A lokacin naira ɗaya ta kai dalar Amurka ɗaya da rabi.

Ko kun san ba a taɓa sakin sefa ta nemi farashinta a kasuwa ba? A ɗaure take tun haihuwarta. Daga 1948 har zuwa 1994 ƙimarta da kuɗin Faransa ba ta motsa ba. Sai ranar 11 ga Janairu 1994 shugabannin ƙasashen da ke amfani da ita suka taru a Dakar aka sanar da karya darajarta da rabi. Mutane suka kwanta faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, suka wayi gari yana 100. Magani da shinkafa da duk abin da ake shigowa da shi daga Turai suka yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana nan inda yake. Da Turai ta kawo yuro a 1999, aka ɗaure sefa da shi a kan 655.957, kuma har gobe a nan take.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Sau da yawa za ka ji ana cewa kuɗin Nijar ya fi na Najeriya ƙarfi, sai ka ce tattalin arzikin Nijar ne ya tsere wa na maƙwabciyarta. Ba haka ba ne. Sefa na bin yuro ne, baitulmalin Faransa kuma ya tsaya mata. Ladan wannan tsayawa shi ne, shekara da shekaru ƙasashen suna ajiye rabin kuɗin wajensu a Faransa, har sai da shugabannin Kwaddibuwa da Faransa, Alassane Ouattara da Emmanuel Macron, suka sanar da kawo ƙarshen tsarin ga ƙasashen Yammacin Afirka a Disamba 2019. Naira kuwa ba ta da mai tsaya mata sai ɗanyen mai. Mai ya yi tsada ta miƙe, ya faɗi ta durƙusa.

Durƙushewar farko mai tsanani ta zo a Satumba 1986, da gwamnatin Babangida ta fara gwanjon dala ƙarƙashin shirin SAP. A zamanin Abacha gwamnati ta kafe dala a kan naira 22, alhali a kasuwar bayan fage ta wuce 80. Wanda duk ya samu a farashin hukuma ya juya ya sayar, kakarsa ta yanke saƙa. A Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 700 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta yi nisa ta haye 1,500.

Shin ko kun san canjin kuɗi ya taɓa raɗa wa yunwa suna? A Afrilun 1984 Janar Buhari ya sauya launin takardun naira, ya rufe iyakoki, ya ba da ƙasa da mako biyu a canza tsofaffi. 'Yan kasuwar Ƙonni da Maraɗi da Damagaram da ke riƙe da naira suka ga dukiyarsu ta zama takarda. Ga fari a shekarar, ga hatsin Najeriya ba ya ƙetarowa. Mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El-Buhari.

Har yau farashin nan yana taɓa tukunyar talaka. In naira ta faɗi, makiyayin Nijar da ya kora shanunsa kasuwar Maigatari zai karɓi damin kuɗi, amma in ya canza su sai ya ga ribar ta zube. A ranar kuma ɗan kasuwar Maraɗi da ya je Dawanau da sefa a aljihu zai ga masara da gero sun yi masa araha.

Wani abu da ke rikita baƙo: a kasuwar Nijar da dala-dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa, ba ta Amurka ba, sefa biyar ce. In mai tsire ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi.

Kuma sefa iri biyu ce. Ta Nijar da ƙasashe bakwai 'yan uwanta daga bankin BCEAO na Dakar take fitowa. Ta Kamaru da Chadi da wasu huɗu daga bankin BEAC na Yawunde. Darajarsu ɗaya, amma in ka miƙa ta Kamaru a kantin Yamai, sai an tura ka wajen ɗan canji, shi ma sai ya cire nasa.