Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Biyan Kuɗin Takin da Ya Faɗa Gulbi?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin shinkafa da albasa a ƙaramar hukumar Kebbe, wanda kuma yake cin kasuwar Tambuwal a jihar Sakkwato.

TAMBAYA: Na ji an ce a Amurka idan gari zai faɗaɗa matatarsa ta ruwan ƙazanta, sai ya biya wasu kuɗi na diyya, har ma wai manoma ake ba kuɗin. Don Allah ina gaskiyar wannan magana? Kuma mu da muke noma a bakin Gulbin Zamfara, ina ruwanmu da ita?

AMSA: To Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ruwanku na ciki tsundum. Amma bari mu faro daga tushe.

Ruwan da ke fitowa daga masai da kwata da mahauta yana ɗauke da sinadarai biyu da kowane manomi ya sani, ko da bai san sunansu ba. Su ne naitirojin da fosfaras. Naitirojin shi ne ƙarfin takin Yuriya, fosfaras shi ne na Sufa, shi kuwa Kamfa ya haɗa duka biyun. A buhun Yuriya mai kilo 50 akwai naitirojin kilo 23. Masana sun auna cewa mutum guda yakan fitar da kimanin kilo 4 na naitirojin a shekara ta fitsari da bayan gida. Ka ga ke nan gari mai mutum 100,000 yana zubar da kwatankwacin buhun Yuriya fiye da 17,000 kowace shekara.

A gona wannan arziki ne, amma a cikin ruwa masifa ce. Yadda taki ke sa shuka ta yi kore, haka yake sa gansakuka da kainuwa su rufe ruwa. Idan suka mutu suka ruɓe, sai su shanye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwan. Daga nan sai masunta su wayi gari su tarar da kifi birjik yana yawo a sama, ciki a waje.

Aikin matata shi ne ta tsabtace ruwan kafin a sake shi cikin kogi. Da farko akan tace shara, a bar dagwalo ya kwanta a manyan kwarmaye. Sannan a riƙa hura iska da injuna domin wasu ƙananan ƙwayoyin halitta su cinye sauran ƙazantar. To amma cire naitirojin sai an ƙara wasu kwarmayen da ƙarin wutar lantarki. Shi kuwa fosfaras akan kwantar da shi ne da magunguna irin su alif, wanda wasu ke kira alam, watau irin wanda mata ke sa wa ruwan gulbi ya kwanta. Abin kamar girbi ne. Damin farko ba wuya, amma kalar da ta rage a ƙasa ita ke cin lokaci. Haka kilon ƙarshe na naitirojin ya fi kowanne tsadar cirewa.

Yanzu sai maganar diyya. A gabashin Amurka akwai wani babban mashigin teku da ake kira Chesapeake, wanda ya yi suna wajen kifi da ƙaguwa, amma taki da ruwan garuruwa suka lalata shi. A shekarar 2005 jihar Bajiniya ta yi doka, ta yanka wa kowace babbar matata iyakar naitirojin da fosfaras da za ta zuba a shekara. Idan gari ya ƙaru, yana son faɗaɗa matatarsa, ba a ƙara masa ko kilo ɗaya a kyauta. Ko dai ya sayi injunan da za su ƙara tace ruwan, ko ya sayi ragowar kason wata matatar da ba ta cinye nata ba, ko kuma ya biya masu gonaki su rage abin da ke gangarowa daga filayensu, alal misali su dasa itatuwa a bakin rafi. Jihar Konetikat ma ta buɗe irin wannan ciniki a 2002 tsakanin matatunta 79.

Me ya sa ake zuwa wurin manomi? Saboda sau da yawa hana taki gangarowa daga gona ya fi araha bisa ga tace shi da inji. Sai dai akwai sharaɗi. Abin da ke fita ta bututun matata ana iya auna shi kullum, amma na gona ya danganta ga ruwan sama, ba wanda zai rantse a kan adadinsa. Don haka dokar Bajiniya ta ce duk kilo ɗaya da matata ta ƙara, sai ta biya an rage kilo biyu a gona. Wannan ninkin, da kuma cewa diyyar ba ta shekara ɗaya ba ce, muddin matatar na aiki sai an ci gaba da riƙe ta, su ne suke sa kuɗin ya yi nauyi. A ƙarshe mutanen gari ne ke biya ta hanyar kuɗin ruwa.

A nan Nijeriya wannan ciniki bai iso ba. Doka dai akwai ta. An kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a 1988, aka fito da ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu a 1991, sannan a 2007 aka kafa NESREA domin tilasta bin su. Amma manyan matatu irin ta Wupa da ke Abuja ƙalilan ne. Dubi Kano. Rafin Jakara ya daɗe yana kwashe ruwan kwatocin birni, rafin Getsi ya kawo masa na masana'antun Bompai, su tafi su zube a madatsar Wasai. Masu lambu a bakin Jakara suna ban ruwa da shi suna samun latas da kabeji ba tare da sayen taki mai yawa ba, amma tare da takin akwai ƙwayoyin cuta da dafin masana'antu. Ka ga ke nan ko da ba a yanka wa kowa diyya ba, ana biyanta. Masunci ne ke biya da kifinsa, mai cin ganye ya biya da lafiyarsa.

To Malam, ga inda maganar ta zo kanka. A Kebbe da Tambuwal ba matata, saboda haka abin da ke shiga Gulbin Zamfara daga gona da turken dabbobi da bola yake fitowa. Ruwan da ya baro Gummi ku yake tararwa, wanda ya bar ku kuma mutanen Jega ne za su sha. Babu mai biyanka don ka tsare takinka, amma ai buhun da kuɗinka ka saye shi. Duk abin da ruwa ya kwashe, asararka ce kafin ta zama ta masunci.

Ga abin yi. Kada ka watsa Yuriya a saman ƙasa, ka tona ka binne ta kusa da shuka. Kada ka zuba taki idan hadari ya haɗu. Ka raba shi kashi biyu ko uku maimakon ka juye shi gaba ɗaya. A fadamar shinkafa ka rage ruwa kafin ka zuba, ka kuma toshe mafita na 'yan kwanaki. Ka bar ciyawa ko jema a tsakanin gonarka da bakin gulbi, domin su tare laka da taki. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga amfanin dabarar da cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa, watau sa Kamfa cikin murfin kwalba ɗaya a kowane ramin gero. Su kuma mahauta da 'yan kasuwar dabbobi, tarosan da kuke turawa kwata taki ne, ku tara shi ya ruɓe, manomi zai saya. Daɗin daɗawa, a nisanta masai da rijiya da kamar mita 30, domin wannan sinadari idan ya yi yawa a ruwan sha yana cutar da jarirai.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.