Turancin Kasuwa Daban, Na Aji Daban

Ni haifaffen Mai Wurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabci. Turanci kuwa, ɗan abin da na tsinta a makaranta ne. Shekara talatin ina saron riɗi da zoɓo tsakanin Sinja da Wad Madani da Gadarif, ban taɓa jin na rasa wani harshe ba.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Da Madani ta faɗi a watan Disamba, na kwashi iyali muka bi ta Renk zuwa Juba. Can Larabci ya fisshe ni. Amma da muka isa Kampala, sai na ga in ba ka da Turanci, to kurma ne kai a kasuwa.

Ga abin da ya same ni. Wani dillali ya duba buhu arba'in na zoɓona, ya yaba, ya ce, “I will get back to you.” Na fassara kalma-kalma: zai dawo wurina. Na ɗauka ciniki ya faɗa. Washegari wani ya zo da kuɗi a hannu, na ce an riga shi. Kwana tara ina biyan kuɗin sito, mutumin ko ƙeyarsa ban gani ba. Da na sayar daga baya, da ƙyar uwar kuɗi ta dawo.

’Yata ce ta warware mini. Ta ce, “Baba, ai wannan kamar mu ce ‘sai na yi shawara’ ne. Ba alkawari ba ne.” Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma sau nawa na sallami mutum da irin wannan magana!

Tun ranar na sayi ɗan littafi. Duk maganar da na ji, sai in rubuta ta, in nemo takwararta a Hausa. “Let me sleep on it” ba kwana a kan buhu ba ne, neman lokacin tunani ne. “It costs an arm and a leg” shi ne ɗan karen tsada. “Take it or leave it” na nufin ba ragi. “Let's meet halfway” kuwa, kowa ya sassauta a haɗu a tsakiya. In ka ji “It's a deal”, to an sallama.

’Yan’uwana fatake, kada ku ji nauyin tambaya. Jimla biyu sun tsare mini dukiya fiye da duk sauran: “What do you mean exactly?” da “Is that a yes?” In ya ce e, a rubuta farashi da rana a WhatsApp, ya ajiye kafin alƙalami. In ba haka ba, cinikin biri a sama ne.

Yanzu duk Asabar ’yata na zama da ni a shago. Tana gyara mini Turanci, ni kuma ina nuna mata yadda ake gane zoɓo mai kyau.