Jerin amintattu da jerin toshewa: Yadda ake yanke hukuncin imel ɗin da zai isa ofishin gwamnati

Matashi daga Kiru ko Tudun Wada na iya rubuta wa wata hukumar tarayya imel yana neman bayanin kuɗin da aka ware wa wani aiki a mazaɓarsa, ya jira amsa har ya gaji. Wani lokaci shirun daga jami'ai ne. Wani lokacin kuma saƙon bai kai gaban kowa ba, domin na'urar tace imel ta tsare shi tun daga ƙofa.

Duk ma'aikatar da ke hulɗa da jama'a masu yawa, kamar reshen Makarantar Horas da Lauyoyi da ke Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji, wanda ke karɓar ɗalibai daga sassan ƙasar nan, tana buƙatar mai gadi irin wannan. Kamfanoni irin su Cisco, Barracuda da Proofpoint ne ke ƙera shi, ko dai a matsayin na'ura ko manhaja. Aikinsa shi ne duba kowane saƙo kafin ya shiga akwatin ma'aikaci.

Yadda jerin biyu ke aiki

Mai gadin yana riƙe da jeri biyu. Na farko shi ne jerin amintattu: saƙon duk wanda ke ciki yana wucewa ba tare da an yi masa binciken saƙonnin tarkace ba. Na biyu shi ne jerin toshewa: saƙon wanda ke ciki ana share shi ko a killace shi. Ana iya sanya adireshin mutum guda, ko sunan ma'aikata gaba ɗaya, wato abin da ke bayan alamar @, ko lambar kwamfutar da ke aiko da saƙon. A na'urorin Cisco, kowane ma'aikaci na iya samun nasa jerin, kuma cikakken adireshi yana rinjayar sunan ma'aikata idan suka saɓa.

Haɗarin yarda

Ƙa'idar aika imel da aka wallafa a 1982 ba ta tanadi hanyar tantance mai aikawa ba, don haka ɗan damfara na iya rubuta sunan kowa a saman saƙonsa. Daga baya aka ƙirƙiro matakan SPF, DKIM da DMARC domin tabbatar da asalin saƙo, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta su a kan masu aika saƙonni da yawa. Ma'aikatar da ta amince da suna kawai, ba tare da waɗannan matakan ba, ta buɗe ƙofa ga duk mai iya kwaikwayon sunan.

Ko adireshi na gaskiya ma ana iya ƙwace shi. A 2018 aka yaudari shugaban sashen kuɗi na kamfanin Unatrac da shafin bogi, aka shiga akwatinsa, aka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa har kusan dala miliyan 11 ta salwanta. Wata kotu a Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke shekara 10 a Fabrairun 2021 kan wannan damfara. Umarnin ya samu karɓuwa ne domin daga akwatin da aka sani ya fito.

Haɗarin toshewa

A ɗaya ɓangaren, toshewa da faɗi tana haɗawa da marasa laifi. Jami'in da saƙonnin damfara suka dama, ya toshe duk wani adireshin Gmail, ya rufe ƙofa ne ga galibin talakawa, ɗalibai da 'yan jarida masu zaman kansu, waɗanda ba su da adireshin ofis.

A nan batun ya zama na siyasa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Mayun 2011, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, kuma tana ɗaukar shiru a matsayin hanawa. Idan saƙon yana kwance a wurin killacewa da ba wanda ke dubawa, ɗan ƙasa ya rasa amsarsa, jami'i kuma yana iya rantsuwa cewa bai ga komai ba. Wanda ke da ikon gyara jerin yana iya toshe mai yawan ƙorafi ba tare da kowa ya sani ba.

Abin da ya kamata a nema

Kowane suna da aka sanya a jeri ya kamata ya zo da dalili a rubuce, da sunan wanda ya sanya shi, da ranar da za a sake duba shi. A riƙa amincewa da adireshi guda maimakon ma'aikata baki ɗaya, kuma sai ya tsallake tantancewa. A killace saƙo maimakon a share shi, sannan a ɗora wa wani jami'i alhakin duba wurin killacewar kullum. Akwatin karɓar ƙorafi da buƙatun jama'a ya riƙa aika shaidar karɓa nan take.

Shi kuma mai aikawa, ya ajiye kwafin saƙonsa da kwanan wata, ya guji haɗa manyan fayiloli da yawan adiresoshin shafuka, domin suna jawo zargin na'ura. Idan lamarin mai muhimmanci ne, ya kai takarda da hannu a buga masa hatimin karɓa. Wannan hatimin ne zai zama hujjarsa idan maganar ta kai gaban alƙali.