Yadda hutun makaranta ke cika jiragen ruwan Turai da motocin ƙasar Gumel da yara

Kamfanonin da ke da manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa a tekunan Amurka da Turai sukan san yawan yaran da za su ɗauka tun jirgi bai bar gaɓa ba. Tun ana saura shekara guda ko fiye suke buɗe sayar da ɗakuna, kuma cikin abubuwan da suka fi sa wa ido wajen yanke farashi akwai jadawalin hutun makarantu. Harkar ba ƙarama ba ce: ƙungiyar kamfanonin, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan balaguro a shekarar 2023.

Dalilin a fili yake. Iyali ba ya iya tafiyar mako guda a teku sai ranar da aka rufe aji. Saboda haka yara sun fi yawa a jiragen daga Yuni zuwa Agusta, lokacin dogon hutun ƙasashen, sai makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara, sai kuma ɗan hutun da makarantun Amurka ke yi a watan Maris ko Afrilu. Da zarar an koma karatu a Satumba, jirgin da jiya yara suka cika shi da hayaniya sai ya koma na dattawa 'yan fansho da ma'auratan da ba su tafe da kowa, farashi kuma ya sauka. Wasu kamfanonin sun jingina kasuwancinsu kacokan a kan iyalai, kamar Disney da ya fara a 1998, da Royal Caribbean mai jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024 kuma yake iya ɗaukar fasinja 7,600. Wasu kuma, irin su Viking da Virgin Voyages, sun ga riba a akasin haka, ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba.

Tsadar lokacin hutu ta sa wasu iyaye a Ingila kan zare 'ya'yansu daga makaranta ana tsakiyar zango don su yi tafiya da araha, hukuma kuma ta bi su da tara. Daga Agustan 2024 tarar ta koma fam 80 a kan kowane uba ko uwa, a kan kowane yaro. Maganar ta taɓa kaiwa Kotun Ƙoli, inda a Afrilun 2017 ta ba wani uba mai suna Jon Platt rashin gaskiya kan tafiya da ya yi da 'yarsa zuwa Fulorida ana cikin karatu. Faransa da Jamus sun bi wata hanyar: Faransa ta raba makarantunta shiyya uku, kowace da ranar fara ƙananan hutunta, jihohin Jamus 16 kuma ba sa fara dogon hutu rana ɗaya, don kada kowa ya kwararo kan titi lokaci guda.

Abin da ya fi shafar mu cikin duk wannan shi ne ƙirge. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta duniya, wadda ake kira SOLAS, ta wajabta wa jirgin fasinja ya tanadi rigunan kariya daga nutsewa masu girman jikin yara, aƙalla kashi 10 cikin 100 na yawan fasinjojinsa, ko fiye idan yaran sun haura haka, har sai kowane yaro ya samu tasa. Ke nan jariri ma ana ƙirga shi, da sunansa a takarda.

Inda babu teku

A Ɗanzomo da sauran ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, babu teku, babu ma wani babban kogi. Amma abin da kamfanonin can ke lissafawa da kwamfuta, direbobi da 'yan kamasho na nan sun haddace shi da ka. Sun san makon da tasha za ta cika da akwatunan ƙarfe da katifu da bokitai, domin makarantun kwana na gwamnati kusan rana ɗaya suke sallamar ɗalibai, da na cikin Gumel da na Dutse da Haɗejiya da Kazaure. A ranar, motar da ta saba yin awa biyu tana jiran cika kan yi sawu biyu kafin azahar.

Sai dai idan aka wuce ranar rufewa da ranar komawa, lissafin nan ya sha bamban da na Turai, domin yaron ƙasar Gumel ba kalanda ɗaya ke juya shi ba.

Dogon hutun makarantun boko kan fara a ƙarshen Yuli ya kai Satumba, wato ya faɗa tsakiyar damina, wadda a wannan yanki gajeriya ce, kuma a Agusta ruwa ya fi ƙarfi. Ga ɗan manomi a Ɗanzomo ko Gagarawa, wannan hutu ba na yawo ba ne. Lokacin maimai ne a gonar gero da dawa, da kula da wake da riɗi, da kiwon awaki nesa da shuka, kuma lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, kuɗi suka yi wuya. Hutun a nan gida yake tsare yaro. Waɗanda ke kan hanya a watannin su ne 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa mazauna Kano da Dutse da Kaduna da Abuja, da ake turowa wurin kakanni su ga dangi, su sha fura da nono, su san asalinsu. Wato a dogon hutu zirga-zirgar yara daga birni take zuwa ƙauye.

A hutun Disamba sai abin ya juya. An yi girbi, riɗi da zoɓo sun shiga kasuwa, akwai ɗan abin kashewa a hannu, bukukuwan aure sun yawaita. A nan ne yaron ƙauye ke samun a tafi da shi birni ko garin da aka aurar da yayarsa. Hutun bai wuce mako biyu ko uku ba, amma a ganina shi ya fi kama da abin da Turawa ke nufi idan sun ce hutu.

Sannan ga kalandar wata, wadda ke matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ba ruwanta da jadawalin ma'aikatar ilimi. A 2019 an yi Babbar Sallah ranar 11 ga Agusta, a 2021 kuma ranar 20 ga Yuli, wato a cikin dogon hutu ko a bakinsa, iyalai suka haɗa tafiyar Sallah da ta hutu, yara suka zauna makonni. Zuwa 2024 ta koma 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni, tsakiyar zango na uku. Sakamakon haka tafiyar ta rabu biyu: gajeriya ta 'yan kwanaki a Sallah, wadda kowa ke yi cikin gaggawa, da wata daban idan an yi hutu, ga mai hali. Wannan karo tsakanin kalandu biyu ne ya fito fili a azumin 2025, lokacin da jihohin Kano da Katsina da Bauci da Kebbi suka daidaita jadawalinsu makarantu suka kasance a rufe cikin Ramadan, aka yi ta muhawara har da ƙungiyar Kiristoci ta CAN.

Makarantun allo kuwa nasu tsarin daban. Babbar tafiyar almajirai bayan kaka take, idan malami ya kwashi ɗalibansa zuwa ci-rani, sai gab da faɗuwar damina a dawo noma. Sau da yawa a bayan a-kori-kura suke tafiya, a kan buhuna. Hutunsu na mako kuma Alhamis ne da Juma'a, ga shi ranar Alhamis ce kasuwar Maigatari take ci, kasuwar dabbobin da ke jawo fatake daga Nijar har da kudancin Najeriya. Idan hutun boko ya zo ya haɗu da wannan, hanyar Gumel zuwa Maigatari kan cika da yara masu talla da masu riƙe wa iyaye igiyar akuya, a mota da babur da amalanke.

Akwai kuma iyaka. Gidaje da yawa a Maigatari da Sule Tankarkar suna da 'yan'uwa a tsallake, a yankin Damagaram, inda makarantu kan buɗe sabuwar shekara a Oktoba. Dogon hutun ƙasashen biyu ya haɗu a Agusta da wani ɓangare na Satumba, lokacin da yara ke kai wa juna ziyara. A 2023 juyin mulkin Nijar ya auku ranar 26 ga Yuli, daidai farkon hutu, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Kafin nan ma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da Maigatari ta kasance cikin iyakoki huɗu na farko da aka sake buɗewa. Rufe ƙofa bai yanke zumunci ba, amma ya tura masu ɗaukar yara zuwa ɓarauniyar hanya a kan babur.

Yaron cinya

A nan ne bambancin da ke tsakaninmu da masu jiragen teku yake da ciwo. A tashoshinmu yaron da aka ɗora a cinya ba a biya masa kuɗin kujera, saboda haka ba a lissafa shi. Ƙaramar mota mai kujera biyar ta saba ɗaukar mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ban da direba, idan kuma uku daga cikinsu mata ne masu ɗauke da yara, rayukan da ke ciki sun kai goma, alhali a takardar sunayen fasinjoji, inda ma ake cike ta, shida za a gani. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, yaron da a da za a saya masa kujera ya koma cinya, har da ɗan shekara takwas. Ba za a zargi uwar da ta yi haka ba. Kuɗin kujera biyu take da shi, 'ya'ya huɗu take tafe da su.

A kan ruwa abin ya fi muni. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwalen da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. An ɗora wa jirgin fiye da ƙarfinsa. Mai jirgi kan dubi yara ya ga ba su da nauyi, ya manta cewa idan jirgi ya karkata su ne ba su iya iyo ba. A wasu sassan Jigawa, inda kogin Haɗejiya ke tumbatsa a Agusta da Satumba ya yanke hanyoyi a Ringim da Auyo da Kafin Hausa, kwale-kwale kan zama motar dole a daidai makonnin da yara ke gida. Ɗan Gumel da aka tura hutu wurin dangi a can yana iya shiga jirgi karon farko a rayuwarsa ba tare da rigar kariya ba. Ko a gida ma, kududdufai da tafkunan da damina ke cikawa a bayan gari sun isa abin tsoro ga yaron birni da bai san zurfinsu ba.

Gyaran wasu daga cikin waɗannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ma'aikatar ilimi na iya raba ranakun sallamar makarantun kwana shiyya-shiyya cikin kwana biyu ko uku, irin dabarar Faransa, don kada ɗaliban masarautu biyar na jihar su fito neman mota da safiya ɗaya. Ƙungiyar direbobi ta NURTW na iya umartar masu rubutu a tasha su sa yaron cinya a takarda ko da ba a karɓi kuɗinsa ba, ta yadda idan tsautsayi ya auku za a san rai nawa ake nema. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuwa ta saba zafafa faɗakarwarta daga Satumba zuwa Disamba, jadawalin da ya fi dacewa da masu tafiya gida Kirsimeti. A hanyar Kano zuwa Gumel da Maigatari makon ƙarshe na Yuli da jajibirin kowace Sallah ne suka fi buƙatar jami'anta.

Iyaye mata masu shirin tafiya a dogon hutu kuma suna da nasu lissafin. A watannin damina ne ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida sau ɗaya a wata suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Ƙanen da aka goya aka bi yayyensa hutu yakan rasa zagaye ɗaya ko biyu, a daidai lokacin da sauro ya fi yawa, sai fa idan uwarsa ta tafi da katinsa ta nemi masu rabon a garin da ta sauka.