Zanin Jawa da Ƙa'idojin Ɗaura Shi

A tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya, zayyanar da ke jikin zani ita ke faɗin wanda ya isa ya ɗaura shi, da ranar da ta dace. Shi ya sa tsohon zanin batik na aikin hannu, wanda suke kira tulis, yake zama gado tsakanin uwa da 'ya.

Mata aka fi sani da sana'ar. Za ta zauna kan 'yar kujera, farin ƙyalle rataye a gabanta, kaskon narkakken kaki kan garwashi a gefenta. Ta ɗebo da canting, ɗan mitsitsin ludayin tagulla mai siririn baki da mariƙin gora, ta hura bakin, sannan ta ja layi. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. In ta gama fuska ɗaya sai ta juya ta bi sawun kowane layi a ɗaya fuskar. A tsoma a baba, a kankare wani gefen, a rufe wani, a sake tsomawa a ruwan ɓawon itacen soga mai ba da launin ƙasa-ƙasa, daga ƙarshe a tafasa kakin ya fita. Zani ɗaya mai kyau yakan ci watanni.

Bayan da masarautar Mataram ta rabu biyu a 1755, fadar Yogyakarta da ta Solo kowacce ta kama salonta: waccan ta fi son farin fili, wannan mai ɗan rawaya. Amma sun haɗu a kan takunkumi. Zayyanar parang, mai lanƙwasassun layuka da ke gangarowa a karkace, ta gidan sarauta ce, kuma mafi girmanta, parang barong, a lokacin sarki kaɗai ke ɗaurawa. A 1927 Sarkin Yogyakarta Hamengkubuwono na Takwas ya fitar da doka da ta ƙayyade girman parang gwargwadon muƙamin mutum. Ashe har faɗin layi yana da mai shi! Yau kowa na sa parang, sai dai tsofaffi har gobe ba sa son ganinta wurin ɗaurin aure, wai tana jawo faɗa tsakanin ma'aurata.

A gidajen talakawa ma haka abin yake. Ciki in ya kai wata bakwai akan yi bikin mitoni: mai cikin ta sauya zani sau bakwai, mata na cewa bai yi mata ba, bai yi mata ba, sai a na ƙarshe su ce ya dace. Ango da amarya sukan ɗaura sido mukti, fatan wadata ke nan. Iyayensu kuma truntum, mai ƙananan furanni birjik a baƙin fili. Majinyaci a lulluɓe shi da tambal, wanda aka zayyana kamar faci-faci, ko Allah zai ɗinke abin da ya yage. Zuwa gaisuwar mutuwa kuwa da slobog ne.

Garuruwan gaɓar arewa ba ruwansu da wannan takura. Cirebon ta ɗauko zayyanar gajimare daga Sinawa, Lasem ta yi suna da ja, Pekalongan da furanni. A ganina nasu ya fi ɗaukar ido, amma na fada ya fi kwarjini.

Ba a wanke irin wannan zani da sabulun kanti, sai da 'ya'yan itacen lerak. A shanya a inuwa, a ajiye da saiwar jema ko masoro saboda ƙwari.

Atamfar Holan da matanmu ke ji da ita daga nan ta samo asali. A ƙarni na 19 Turawan Holan suka kwaikwayi batik da inji don su sayar wa mutanen Jawa, kasuwar ba ta karɓe su yadda suka so ba, sai suka karkato da hajar zuwa Afirka ta Yamma.