Masu Gudun Dutsen Hiye

Duk wanda ya taɓa shiga gudun dogon zango a makarantar nan ya san wurin da ƙafa take cewa ta gaji, zuciya kuma ta fara neman dalilin tsayawa. Mu kilomita kaɗan ne muke yi, sau ɗaya a shekara. To, bari mu ba ku labarin waɗansu mutane da suke yin irin wannan tafiya har kwana 1,000.

A ƙasar Japan, kusa da birnin Kiyoto, akwai wani dutse mai suna Hiye, inda sufaye na addinin Buddha suke zaune. Wanda ya ɗauki wannan alkawari daga cikinsu yakan cika shi cikin shekara 7. A shekaru uku na fari yana yin kilomita 30 kowace rana, kwana 100 a jere. A ta huɗu da ta biyar kwana 200 ne. A ta shida nisan yakan koma kilomita 60, a ta bakwai kuwa 84, wato kamar mutum ya taka daga Kaduna zuwa Zariya kullum har kwana 100, sa'an nan ya ƙara wani 100 na kilomita 30. In aka haɗa duka, ya haura kilomita 38,000, saura kaɗan ya kewaye duniya.

Gaskiya ba gudu ba ne irin na filin wasa, sassarfa ce a kan duwatsu. Yakan fita da tsakar dare da fitila a hannu da takalmin ciyawa, ko ana ruwa ko ana sanyi, yana tsayawa a wurare fiye da 250 domin addu'a. Ba kofi, ba mai tafa masa. Tufafinsa farare ne, launin mutuwa ke nan a wurinsu, yana kuma ɗauke da igiya da wuƙa, gama bisa ga tsohuwar al'ada wanda ya wuce kwana 100 na fari ba shi da izinin fasawa, sai dai ya kashe kansa. Wannan kam ba mu yarda da shi ba ko kaɗan. Rai na Allah ne, ceto kuma ba a sayensa da kilomita.

Amma akwai abin da ya fi ba mu mamaki. Bayan kwana 700 sai ya shiga ɗakin ibada ya yi kwana 9 ba ci, ba sha, ba barci, ba kwanciya, sufaye biyu suna gadinsa kada ya yi gyangyaɗi. Koyarwarsu ita ce kwanakin da suka wuce domin kansa ya yi su, waɗanda suka rage kuwa domin jama'a ne. Ku lura fa, mafi tsawon tafiyar a wannan kashi na biyu take. A shekara ta bakwai yakan sauka cikin Kiyoto, mutane su durƙusa a bakin hanya, shi kuma ya taɓa kansu da carbinsa yana yi musu addu'a. Mai gudu domin a yabe shi yakan tambayi kansa ko yabon ya kai wahalar. Wanda ya san akwai tsohuwa tana jiransa a gaba tun da asuba, ba shi da lokacin wannan tambaya. Mun ga ɗan irin wannan a nan, sa'ad da yaro ya ƙi tsayawa don kada gidansu ya rasa maki.

Daga 1585 zuwa 1988 mutum 46 ne kaɗai suka gama. Ɗaya daga cikinsu, Yusai Sakai, bai shiga sufanci ba sai da ya kusa shekara 40, bayan sana'a ta ƙi shi, matarsa kuma ta rasu. Ya gama kwana 1,000 a 1980, bai daɗe ba ya sake farawa, ya gama na biyu a 1987 yana da shekara 60.