Gasar ƙasashen duniya ta tseren babur na sifidiwe

Gasar ƙasashen duniya ta tseren babur na sifidiwe gasa ce da hukumar tseren babura ta duniya, FIM, take shiryawa tsakanin tawagogin ƙasashe. An fara ta a shekarar 1960, kuma ta sauya suna da tsari fiye da sau ɗaya: Kofin Tawagogi na Duniya daga 1960 zuwa 2000, Kofin Duniya daga 2001 zuwa 2017, sai gasar 'yan bibbiyu mai suna Speedway of Nations daga 2018, wadda a yanzu ake karɓa-karɓa tsakaninta da Kofin Duniya. Ƙasashen da suka fi yin fice a cikinta su ne Polan, Danmak, Suwidin, Birtaniya, Ostiraliya da Amurka.

Yadda wasan yake

Ana yin sifidiwe a fili mai siffar ƙwai wanda aka shimfiɗa wa ƙasa da dakakken dutse, tsawon kewayensa bai cika wuce mita 400 ba. Mahaya huɗu ne suke tashi tare, su kewaya filin sau huɗu suna juyawa ta hagu, a gama cikin kamar minti ɗaya. Babur ɗin yana da injin sisi 500 mai shan metanol, giyarsa ɗaya ce tak, kuma ba shi da birki. Idan mahayi ya iso kwana, sai ya bar tayar baya ta zame gefe, ya sauke ƙafar hagu wadda aka ɗaura wa takalmin ƙarfe, ya riƙa sarrafa gudun da totur kawai. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Wasan ya bunƙasa a Ostiraliya cikin shekarun 1920, ya isa Ingila a 1928. A harshen Polan ana kiransa żużel, kalmar da asalinta take nufin ragowar ƙonannen gawayi, domin da shi ake shimfiɗe filayen a da.

Asalin wasan na mutum ɗaya ne da babur ɗinsa. Wannan ne ya sa masu shirya gasar ƙasashe suka daɗe suna neman hanyar da za a auna ƙarfin ƙasa gaba ɗaya, kada gwani ɗaya ya ɗauki tawaga a kafaɗarsa.

Kofin Tawagogi, 1960 zuwa 2000

A tsarin farko ƙasashe huɗu ne suke haɗuwa a wasan ƙarshe, kowace ta tura mahayi ɗaya a kowane tsere, a tara makin duka a ƙarshen rana. Suwidin ce ta ci na farko a birnin Gothenburg a 1960, Polan ta karɓa a Wrocław a 1961. Ƙasashen nan biyu suka yi ta musayar kofin har zuwa 1968, lokacin da Birtaniya ta shiga tsakaninsu.

Tawagar Birtaniya ta wancan zamani tana da wani abu na daban, domin ana saka mata mahaya daga ƙasashen renon Ingila masu wasa a kulob-kulob na can. Ivan Mauger, ɗan Niyu Zilan, ya ci kofin da rigar Birtaniya, sannan a 1979 ya jagoranci ƙasarsa ta haihuwa ta ci shi a Landan. Wannan ne karo ɗaya tilo da Niyu Zilan ta taɓa ɗaukarsa.

Shekarun 1980 na Danmak ne. Ta ci kofin sau shida a jere daga 1983 zuwa 1988, da Hans Nielsen da Erik Gundersen a kan gaba. An katse mata hanzari a wasan ƙarshe na 1989 a Bradford, inda Gundersen ya yi mummunan haɗari a tseren farko, wanda ya kawo ƙarshen wasansa baki ɗaya. Ingila ce ta yi nasara a ranar. Kafin a rufe wannan babi a 2000, Danmak ta tara kofuna 11, Suwidin 8, Polan da Amurka biyar-biyar.

Kofin Duniya

A 2001 aka sake fasalin gasar, aka tattara manyan wasanninta cikin kamar mako guda, aka kuma sa wa kofin sunan Ove Fundin, ɗan Suwidin da ya zama zakaran duniya sau biyar. Ana yin wasannin kusa da na ƙarshe guda biyu, waɗanda suka yi nasara su wuce kai tsaye, sauran da suka biyo baya su sake fafatawa a wasan cike gurbi. Daga baya aka riƙa ba mai masaukin baƙi gurbi a wasan ƙarshe ba tare da ta yi wasan share fage ba. Da farko kowace tawaga tana da mahaya biyar a tsere 25, sannan aka rage zuwa huɗu a tsere 20. Ana bambance ƙasashen da launin hular kwano.

Wata doka da ta jawo ce-ce-ku-ce ita ce ta joka. A wancan lokacin, idan aka tsere wa tawaga da maki shida ko fiye, tana iya zaɓar mahayi ɗaya a ninka masa makinsa a tsere guda. Manufar ita ce kada wasa ya mutu tun tsakiyarsa, amma masu suka sun ga kamar ana saka wa wanda ya yi rauni ne, har wata tawaga na iya gwammace ta faɗi baya kaɗan don ta samu damar.

Ostiraliya ta ci biyun farko a 2001 da 2002, Suwidin ta biyo baya a 2003 da 2004. Daga nan Polan ta mamaye: ta ci a 2005, 2007, 2009, 2010, 2011, 2013, 2016 da 2017, Danmak ta samu huɗu a tsakani. Ba abin mamaki ba ne, ganin cewa gasar kulob-kulob ta Polan ce ta fi kowace kuɗi da 'yan kallo, kuma kusan duk wani fitaccen mahayi na duniya yana da kulob a can. Tomasz Gollob ne ginshiƙin tawagar a yawancin waɗannan shekaru.

Gasar 'yan bibbiyu

Matsalar tsarin mahaya huɗu ko biyar ita ce ƙasashe ƙalilan ne suke da gwanaye masu wannan yawa. Daga 2001 zuwa 2017 ƙasashe huɗu kacal suka taɓa ɗaga kofin. Don a buɗe ƙofa ga wasu, FIM ta kawo Speedway of Nations a 2018, wadda ta farfaɗo da tsohuwar gasar 'yan bibbiyu da aka daina a 1993. Ƙasashe bakwai ne a wasan ƙarshe, kowace ta kara da kowace, mahaya biyu da biyu, jimlar tsere 21, kafin a fitar da zakara a karawar ƙarshe.

Daga baya aka mayar da makin 4, 3, 2 da 0. Hikimar ita ce tawagar da mahayanta suka zo na biyu da na uku tana da maki 5, ta doke wadda take da na ɗaya da na ƙarshe mai maki 4. Saboda haka gwani ba zai tsere ya bar abokinsa a baya ba. Dole ya riƙa waiwaye, ya rage gudu, ya tare wa abokin hamayya hanya har ɗan'uwansa ya samu wucewa. A nan ne aikin tawaga ya fi fitowa fili a duk tarihin gasar.

Rasha ta ci uku na farko, daga 2018 zuwa 2020, da Emil Sayfutdinov da Artem Laguta, kafin FIM ta dakatar da ita a 2022 saboda yaƙin Yukiren. Birtaniya ta yi nasara a Manchesta a 2021, karon farko tun 1989, Ostiraliya ta ci a Vojens a 2022, Birtaniya ta sake ci a 2024.

An dawo da Kofin Duniya a Wrocław a 2023. Sai a tseren ƙarshe aka san zakara, lokacin da Maciej Janowski, ɗan garin, ya wuce Robert Lambert na Birtaniya, Polan ta ɗauki kofin karo na tara.